Gawayin Cikin Tauraro

…ba za ta karɓa ba. Wallahi wannan karon Zuwaira ba za ta karɓa ba. Tana zaune cikin motar Parakou a tashar Djougou, jaka bisa cinya, ana jiran mota ta cika. Ƙanenta Abdoulrahim ya ce, "Yaya, jira ni kaɗan," ya koma gida da sauri. Ta san abin da zai ɗauko. Hamida, autarsa. Riƙo na biyar.

Huɗu ba su isa ba? Huɗu fa, 'ya'yansa duka, ɗaya bayan ɗaya, wai lekol, makarantar boko, ta fi kyau a Parakou, wai "ke ba ki da kowa a ɗaki"… Ba ki da kowa! Sai ka ce ita ta hana kanta haihuwa.

Jiya a walimar Roukaya, ta huɗun, mai shirin tafiya Turai karatun taurari — malam ya ɗaga hannu: Allah ya yi wa iyayen da suka haife ta albarka. Da suka haife ta! Ita tana can madafa tana kwasar tuwo. Wa ya yi jinyar yarinyar nan lokacin ƙyanda? Wa ya yi ta suyar waina a unguwar Banikanni, can Parakou, har hayaƙi ya cinye masa ido? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma Roukayar ce da bakinta… tana fifita mata murhu, littafi a gwiwa. "Gwaggo, kin san akwai gawayi a cikin manyan taurari? Karbon sunansa." Wai can inda zafi ya fi na rana, karbon yana haɗiye ƙwayar idrojen, ya rikiɗe ya zama wani sinadarin, azot. Ya haɗiye wata. Ya haɗiye ta uku, ya zama oksijen — har sunansa ya canja, shi kansa bai gane kansa ba. Ta huɗu na shiga, sai huɗu su fice a dunƙule, sabon abu, eliyom, haske ya cika sama.

"Shi gawayin fa?"

"Ya koma yadda yake, Gwaggo. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sai ya sake farawa." Har da dariyarta, ja'ira, wai abin sha'awa ne.

Bai ragu ba… wa ya auna? Wa ya tambaye shi? Mutane su ɗaga kai su ce tauraro ya yi kyau, babu mai cewa sannu gawayi. Na murhunta ma ya fi shi sa'a. Ya ci wuta, ya zama toka, ya huta.

A'a za ta ce. A'a, Abdoulrahim, gwiwoyina sun gaji, zuciyata ta gaji da raka yara tasha. Ta iya faɗa mana, ai ta faɗa wa madubi da safe… Amma ɗakin nan na Banikanni — tabarma ɗaya, kwano ɗaya, shiru har kunne ya yi ƙara. Tir. Ta nan suke kama ta, kuma sun sani sarai.

Ga Abdoulrahim can yana ratsa masu zem, 'yan babur ɗin haya, yarinya a hannu, kayanta a leda, kitso sabo fil. Ashe tun jiya an gama shawara, ita kaɗai ce ba a gaya wa ba. Direba yana buga ƙofa. Bakinta ya buɗe, a'ar tana nan a maƙogwaro, tana nan…

Jakar fa? Ga ta a ƙasa, tsakanin ƙafafunta. Yaushe ta sauke ta? Cinyar babu komai a kai, tana jira.