Takalmi Mai Yatsu

Daga ƙasan dilar gwanjon da ƙaninta Sabiru ya kawo daga kan iyaka a Kongolam Zubaida ta zaro shi: takalmi shafal kamar ganye, ba tudun dunduniya, kowane ɗan yatsa da ɗakinsa.

"Wannan kuma safar hannu ce ko ta ƙafa?"

"Na gudu ne, Yaya," in ji Sabiru. "Wai masu ƙera kambas sun ce tudun soso na kashe gwiwa, shi ne suka koma yin wanda mutum zai ji kamar ƙasa yake takawa."

Ta yi murmushi. Tana sakandare, ƙafa ba takalmi ta je gasar gudu a Katsina, ita da aminiyarta Madina. 'Yan matan birni masu kambas mai tudu suka yi ta nuna fasonta suna dariya, har ta wuce su. Ashe abin kunyar jiya zai zama hajar yau.

Ba ta sa takalmin cikin kayan sayarwa ba. Tun rasuwar mijinta gidan ya yi mata faɗi, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. In masu saye suka watse, sai ta zura shi ta kewaya tsakar gida, amma kafin ƙafa ta ɗauki zafi bango ya tare ta.

Da ta ji Madina ta zo biki daga Kano, ta wanke takalmin ta shanya.

"Dubi abin da duniya ta dawo gare shi," ta ce da Madina ta leƙo gidan, tana miƙa mata. "Kin tuna Katsina? Gobe da safe mu fita bayan gari, ko sassarfa mu yi."

Madina ta juya takalmin, ta ajiye.

"Ƙawata, gudu da girmanmu, a wannan zamani na shari'a? A ce me? Ni fa har na manta mun taɓa yi. Ba ki da mai tsini, lamba arba'in?"

Zubaida ta ɗauko mata.

Washegari da hantsi ta zura takalmin mai yatsu, ta zurma hijabi har ƙasa, ta bi hanyar Sandamu har gidaje suka ƙare, gero ya rufe dama da hagu. Ta waiga. Ta tattare zani, ta fara a hankali. Tsakuwa ta gaisa da tafin ƙafarta, numfashi ya tuna hanyarsa, iska ta cika hijabin. Rabonta da jin haka tun kafin aure.

Wani dattijo a kan babur ya sha gabanta, ya taka birki, yana leƙen bayanta.

"Subhanallahi. Hajiya, lafiya? Wa ya biyo ki?"

Ta tsaya tana haki. Ita ma ta juya ta dubi doguwar hanyar.

"Ba kowa, Malam," ta ce.