Ciwon Kunkuru

Duk abin da aka ƙirƙiro a duniya, in dai yana cin batir, sai ya biyo ta falon Inna. Surukinta ne mai kawowa, mijin 'yarta Auta, mutumin kirki wanda bai iya ganin sabon abu ya wuce ba. Shi ya kawo kofin da ke gauraya shayi da kansa, da kwandon shara mai buɗe baki in an ɗaga masa hannu, har kyanwar maƙwabta ta gane dabarar. Na baya-bayan nan wani faifai ne mai shara, yana yawo a ƙasa yana karo da ƙafar kujera. Jikoki suka sa masa suna Kunkuru. Ranar da aka kunna shi matan layi suka cika falon, ana shewa ana ɗage ƙafafu, Inna ta fi kowa dariya, ko da yake bayan an watse sai da ta bi bayansa da tsintsiya.

Amma ita abin da take jira daban ne. Maigidanta bakanike ne, kuma kunnensa ya yi nauyi shekara da shekaru. A gidan nan ba a hira, sai dai shela. In za ta ce masa abinci ya sauka, sai na ƙarshen layi ya ji. Maganar da ake yi ƙasa-ƙasa tsakanin miji da mata kuwa ta daɗe da haɗiye ta, don akwai zancen da in an ɗaga murya ya lalace. Abin yana cin ta ƙwarai, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Saboda haka ranar da surukin ya shigo da ɗan ƙaramin akwati, ya ce na'urar ƙara ji ce da ake maƙalawa a kunne, Inna ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Maigida ya jujjuya abin a tafin hannu, ya ce shi ba kurma ba ne, mutanen yanzu ne ke magana ciki-ciki kamar marasa lafiya. Surukin, da yake ya san halinsa, ya matso ya ɗaga murya.

"Baba, ai ba don mutane aka yi ta ba. Ta inji ce. Ka gwada ta a gareji."

Nan aka same shi. Dama shi da kunne yake aiki: ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya faɗa maka abin da ke damun motar. Tun da jin ya ragu ya koma lalube, kuma hakan na ƙona masa rai. Washegari da rana ya kira Auta a waya, yana magana a hankali kamar ba shi ba, ya ce ya ji kukan bel ɗin wata mota tun daga bakin titi. Auta ta kira Inna tana ihun murna. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanin da take ji da shi, ta zauna tana tsara abin da za ta fara faɗa.

Da yamma ya shigo baki har kunne. Ta yi masa sannu da zuwa a hankali, ya wuce ta ya ajiye takalmi. Ta leƙa kunnen, wayam.

Ashe goge na'urar ya yi da tsumma, ya jera ta kusa da sifanu, ya kulle akwatin kayan aikinsa a gareji. Tun yana koyon aiki ubangidansa ya hore shi cewa kayan aiki ba sa kwana a gida, kuma bai taɓa karya wannan doka ba. Inna ta yi magiya, Auta ta yi, suruki ya yi bayani har da zane a iska. Ya ce shi bai ga inji a falo ba.

Inna ta kwana biyu tana cika tana batsewa. Wata safiya Kunkuru ya zo ya daki ƙafarta, ta dube shi, sai dabara ta faɗo mata. Ta kifar da shi, ta ciro maɓallin wata tsohuwar rigar Maigida, ta tura a 'yar kafar da ke kusa da taya. Da ta kunna, sai ga shi yana tafe yana ƙaras-ƙaras. Ta tare Maigida a bakin ƙofa, ta kwarara masa cewa Kunkuru ba lafiya, wani irin kuka yake yi, kuma ba za ta bari a kai kyautar suruki gareji cikin baƙin mai ba. Ya ce to, aikin waje ne ke nan, shi kuwa ana zuwa masa da kayan aiki.

Ya dawo da sukudireba a hannu, na'ura a kunne. Ya durƙusa tsakiyar falo, ya bi Kunkuru da rarrafe har ƙarƙashin tebur kafin ya cafke shi. Inna ta tsaya a bayansa. Duk jawabin da ta tsara ya gudu. Abin da ya fito kawai, can ƙasan murya, shi ne:

"Malam, furfura ta yi maka kyau."

Hannunsa ya tsaya cak. Can ya girgiza Kunkuru, maɓallin ya faɗo a tafinsa, ya kuwa gane rigar da aka ciro shi. Ya dube shi, ya ɗago ya dube ta.

"Ashe har yanzu haka muryarki take," in ji shi.

Idon Inna ya ciko. Shi kuwa ya sa ɗan yatsa ya mayar da maɓallin cikin kafar, ya ajiye Kunkuru ya ci gaba da ƙaras-ƙaras ɗinsa.

"Wannan gyaran zai ɗauki lokaci. Kullum sai na zo na saurare shi. Zauna nan. Me kika ce game da furfura?"