Je Ka Huta, Koci

A shekarar 1993 ƙungiyarmu, Taurarin Citta ta Kafanchan, tana ta biyu a teburin gasar ƙwallo, saura wasa bakwai a gama kaka. Muka ci ɗaya, muka yi canjaras a ɗaya, aka lallasa mu a biyar. Ni ne kocin. Har yau ban san abin da ya faru ba. Yaran suna gudu, ƙwallo dai ta ƙi shiga raga.

Bayan wasan ƙarshe, shugaban ƙungiya Alhaji Badruddeen ya kira ni shagonsa a kasuwa. Ya sa aka kawo mini lemo, ya tambayi lafiyar matata Emilia. Sannan ya ce, "Koci Kaleb, ka yi ƙoƙari. Je ka huta."

Ni mutumin Kwoi ne, a coci na koyi Hausa. A wurinmu hutu hutu ne, irin na ranar Lahadi. Na yi masa godiya har sau biyu, na tafi gida na yi mako biyu ina barci.

Ranar Litinin da ƙarfe huɗu na yamma, kamar kullum, na dawo fili da usur a wuya. Na tarar da wani mutum da ban sani ba yana ba yarana atisaye. Babu wanda ya ɗago ya dube ni. Alhaji ya taso daga benci.

"Koci, lafiya?"

"Na huta, Alhaji."

Ya dubi usur ɗin, ya dubi ƙasa. "To, sai ka ƙara."

Na ce to. Na tsaya a bakin layi har aka tashi, don ban san inda mutum yake zuwa da ƙarfe huɗu na yamma ba.