Babban Baƙon Ranar Suna

Daga bayan labule Rabi'atu ta ga hannuwan Mista Lenkart sun tsaya cak a iska.

Falonsu na unguwar Morrisania, can ƙasar waje, ya cika maƙil da 'yan suna, ɗalibai da ma'aikatan ofishin jakadanci, kowa a kan darduma. Lenkart, dattijon marubuci, shi kaɗai aka ba kujera, don a kan littattafansa Sahabi, mijinta, yake neman digiri, kuma sai da Sahabi ya sha zarya kafin tsohon ya amsa gayyata. Inna Perla, maƙwabciyarsu ta bene na huɗu, ita ta fito da jariri za ta miƙa wa babban baƙo, hannun rigarta a naɗe, ta taso daga tuƙin tuwo.

Lenkart bai ko kalli jaririn ba. Lambar da aka zana a fatar damtsenta ya ƙura wa ido. Ya janye hannu, ya zaro hankici.

"Ba na karɓar komai daga hannun irinsu," ya faɗa da Turanci, a hankali. "Ashe har gidajenku Yahudawa sun shigo?"

Kai!  Mazan nan duka, masu digiri da masu kwat, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin darduma.

Wannan matar ce fa ta dafa wa Rabi'atu ruwan wankan jego, tana tambaya ana nuna mata, a garin da Rabi'atu ba ta da uwa ba ta da goggo. Ranar farko da ta ga lambar, jarfa ta zata, irin ta kwalliya, har ta yaba. Tsohuwar ta yi dariya har dariyar ta zama kuka, sannan ta ba ta labarin sansanin da aka tsare Yahudawa lokacin yaƙin duniya, inda aka zana mata lambar, wanda ya cinye mijinta da 'ya'yanta mata biyu.

Sahabi ya matso jikin labule, gumi na tsattsafo masa. "Ki ja ta ciki. Baƙo ne, ba a wulaƙanta baƙo."

Kunyar taron maza ta kama Rabi'atu. Ta miƙa hannu, ta jawo tsohuwar.

A cikin ɗaki Inna Perla ta kwantar da jaririn, ta gyara masa hula. 

"An sha fitar da ni daga cikin mutane," in ji ta. "Ban zaci ke za a aiko ba, 'yata."

Ta ratsa falon ta fice, ba ta dubi kowa ba.

* * *

Da la'asar taro ya watse. Sahabi ya dawo daga rakiyar baƙonsa har tashar jirgin ƙasa, yana fara'a, wai tsohon ya yaba ɗanɗanon miya.

"Malam, wa ka kawo mini gida?"

"Ba ki san shi ba ne, Rabi. Alƙalaminsa babu irinsa. Abin da ya faɗa kan Yahudawa a rediyo lokacin yaƙi ya wuce. Tun yana saurayi bam ya binne shi a rami, abin ya taɓa masa kai."

"Ita kuma fa? Yaƙin biki ya kai ta?" Muryarta ta fashe. "Ya wuce? Ɗazu-ɗazu ya faɗe shi, a kan ɗanka! Shi ne baƙo, ita da ta wanke mini jini mece ce? Wallahi na ji haushinka, amma na fi jin haushin hannun nan nawa."

"Sa hannunsa nake bukata a kan aikin digirina. Wata uku kawai."

Ta juya masa baya. A bakin ƙofa, inda takalman baƙi suka yi tuli da safe, saura na Inna Perla kaɗai: baƙaƙe, dunduniyarsu ta cinye ta gefe ɗaya. Ashe da safa tsohuwar ta hau bene.

Rabi'atu ta ɗauka, ta hau, tana dafa bango saboda ɗanyen jiki. Ta ƙwanƙwasa.

"Inna, ni ce. Rabi ce."

Ta ji motsi dab da ƙofar, har numfashi tana ji. Ta jira, takalman a ƙirjinta. Can sai ta ji an zura sarƙar ƙofa, a hankali, sannan aka murɗa makulli aka kulle.