Sil Ɗin Da Ba Ya Ɗiga

Kyaftin ya wuce ƙofar shagon har ƙarshen layi, ya dawo, ya sake wucewa, kafin ya yi ta maza ya shiga. Shagon kayan jiragen ruwa ɗaya ne tal a bakin tashar, kuma na yayan matarsa ne. Da akwai wani, ko a ƙetaren kogi, da can ya nufa.

Bayan sun gaisa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, sil nake nema, abin toshe ruwa na sandar farfela. Irin wanda ba ya ɗiga."

Yaya ya leƙo shi ta saman tabarau. Duk tashar an san ra'ayin Kyaftin. Inda sandar farfela ta huda gindin jirgi ta fita ruwa, shi igiya mai giris yake cusawa, ya ɗaure noti, ya bar ta tana ɗiga kaɗan-kaɗan don ƙarfen ya sha iska. Masu sayen sabon sil kuwa ragwaye yake kiransu, a gabansu.

"Ikon Allah," in ji Yaya. Ya sauko da iri biyu ya jera a kan kanta. "Wannan leɓen roba ne, yana rungumar sandar. In sandarka sumul take, shi ke nan. Wannan kuma zobe biyu ne suke gugar juna, robar nan mai lanƙwasa tana tura su. Kaurin bututun da sandar taka take bi ta ciki nawa ne?"

Kyaftin ya san kaurin sandar kamar sunansa, amma bututun bai taɓa aunawa ba.

"Bari in je in auno."

"Mu je tare, yau kasuwar barci take yi."

"Haba Yaya, da girmanka..."

Kafin ya rufe baki Yaya ya ɗauki ma'auni ya jawo ƙofa.

Tafiyar nan zuwa bakin ruwa, ji Kyaftin yake kamar ana jansa da igiya. Suka sauka cikin jirgin, ya ɗaga murfin ɗakin inji. Ga katifa shimfiɗe a gefen injin, gefenta ɗaya jiƙe sharkaf. Ga filo, ga butar shayi, ga riguna rataye a jikin tiyo, har da buroshin goge haƙori a cikin gwangwanin giris. Can baya ruwa yana ɗiga cikin bokiti, ɗis, ɗis, alhali inji a kashe yake.

Yaya ya tsallake katifar kamar bai gan ta ba. Ya durƙusa ya auna bututun, ya shafa sandar da ɗan yatsa.

"Igiyarka ta ci ƙarfen, ga kwari nan. Mai leɓen roba ba zai riƙe ba. Mai zoben ne naka." Ya goge hannu da tsumma. "Sai dai fa dole a jawo jirgin tudu, a kwance sandar. Kuma masu gadin filin gyara ba sa barin kowa ya kwana a ciki. To a ina za ka riƙa kwana?"

Kyaftin ya ja da baya. Ya zauna a kan akwatin batir.

"Ta gaya maka ke nan."

"Wa? Ƙanwata? Na je gidan, ta ce ka yi lodin kaya zuwa ƙetare. Na sake komawa, ta ce inji ne ya tsayar da kai a can. Ni kuma kullum ina hango jirginka a ɗaure daga ƙofar shagona."

Wannan ta fi komai dukan Kyaftin. Shi yana nan yana ɓuya, ita tana can tana rufa masa asiri.

Da ƙyar maganar ta fito. Babbar sifanarsa ce ta ɓace, wadda yake ɗaure notin da ita. Ya birkice gida bai gani ba. Sai ya tsaya a tsakar gida, maƙwabta suna ji, ya ce ai ya san inda kayan ƙarfensa suke zuwa, tunda 'yan'uwanta sana'arsu ke nan. Ya rantse ba zai sake kwana a gidan ba, ya fita.

"To?" in ji Yaya.

Kyaftin ya nuna ƙarƙashin injin. "A ranar na same ta. A nan ta faɗa."

Yaya ya ce, "Wato ni ne ɓarawon."

"Don Allah Yaya..."

"Ni ka bar tawa. Shekara da shekaru ina sayar maka da noti, na san bakinka ya fi hannunka sauri. Zan ajiye maka sil ɗin, gobe a jawo jirgi."

"Ko za ka raka ni gidan?"

"Da za ka fito, ni na rako ka?"

Da la'asar Kyaftin ya shiga gida da rigunansa a ƙunshe a hammata. Matarsa tana bakin famfo tana wanke-wanke, matan maƙwabta biyu suna kwashe shanya. Ya so ya jira su shige ɗaki, sai ya ga ba su da niyya. Ya tsaya daidai inda ya tsaya ran nan, ya ɗaga murya.

"Sifanar nan a jirgi na same ta. Ƙarya na yi miki, ke da danginki. Ki yafe mini."

Shanyar ta tsaya cak a hannun matan. Ita kuwa ta ci gaba da cuɗa tukunya, ba ta ɗago ba sai da ta ɗauraye ta ta kife.

"Rage murya, Baban yara, ƙaramin yana barci," ta ce. Ta dubi ƙunshin da ke hammatarsa ta yatsina fuska. "Zuba su a baho. Kada ka shigar mini da warin dizal ɗaki."