Layin Ƙishirwa

Dakta, malamin da ke duba aikin Auta, bai ko ce masa ya zauna ba. Ya jefa rahoton a kan tebur, ya danna yatsa a shafi na tara.

"Dashen tsamiya sittin. Talatin kana ba su ruwa kullum, talatin sai bayan kwana goma. Haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Wata uku cur. Sannan ka zo min da tsayi ɗaya, kauri ɗaya, yawan ganye ɗaya. Ko dai tsamiyarka raƙumi ce, ko kuma a kan katifa ka kwanta ka ƙirƙiro lambobin nan. Ni na fi yarda da katifa."

Auta ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Katifa! Shi da duk Litinin yake durƙusawa da rula a gaban ledoji sittin har gwiwar wandonsa ta ƙoƙe. Akwai waɗanda suka kwafi aikin 'yan bara suka canja suna kawai, ga su can suna yawo da maki. Shi da ya auna, shi ne maƙaryaci.

"Ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kanka," in ji Dakta. "Rufe min ƙofa."

Aikin nan shi kaɗai ya rage masa ya gama kwaleji. Yayansa ya sha zirga-zirga kafin ya samo masa gurbin aiki a wani gandun daji, kuma sun ce sakamako suke so kafin ƙarshen wata, in babu su ba wani.

Daga ofis ya wuce rumfar renon itatuwa. Ga layukansa biyu, ga allon da ya kafa da hannunsa a gaban layin ƙishirwa: KADA A BA LAYIN NAN RUWA. Yau kwana bakwai rabon da ya shayar da su. Saman ƙasar a bushe yake, fari fat. Ya tura yatsa cikin leda ɗaya har gaɓa ta biyu. Ya zaro shi da laka.

Washegari tun rana ba ta fito ba ya laɓe bayan tankin ruwa. Bai daɗe ba sai ga Baba mai ban-ruwa, tsohon da ya fi rumfar kanta daɗewa a kwalejin, riƙe da buta mai dogon baki. Ya wuce allon ko kallo bai yi masa ba. Ya bi ledojin ɗaya bayan ɗaya yana tsiyaya musu ruwa a gefe, sannan ya barbaɗa busasshiyar ƙasa a sama, ya shafe da tafin hannu.

"Baba!"

Tsohon ya waiwayo, ko gezau. "A'a, ɗan boko, yau da wuri?"

"Ba ka ga allon ba ne?"

"Na gani mana. Ni na gyara masa zama da iska ta kayar da shi."

"To me ya sa? Wata uku, Baba! Ka san abin da ka ja min?"

"Kai ka san abin da ka ja musu? Sati na biyu na zo na tarar sun sunkuyar da kai, ganye ya naɗe. Ga tanki cike a gabansu. Shekara ashirin da shida ina rumfar nan, dashe bai taɓa mutuwa da ƙishi a hannuna ba, sai a kanka zan fara?"

"Gwaji ne! So ake a san iya abin da za su jure!"

"Da ka tambaye ni. Kwana shida, na bakwai su fara zubar da ganye. Ga amsarka nan, je ka rubuta. Sai ka kashe talatin kafin ka yarda?"

Auta ya dubi butar da ke hannun tsohon. Da sa'ansa ne da tuni butar nan ta san inda ta kwana. Abin da ya fi ci masa rai busasshiyar ƙasar nan ce. Ba mantuwa ba ce, ba rashin sani ba. Tsoho ya zauna ya tsara yadda zai rufe masa ido, kullum, shi kuwa yana zuwa da rularsa kamar wawa yana gaishe shi.

"Za ka faɗa wa Dakta da bakinka."

"Mu je yanzu ma. Abin kunya na yi?"

A ofis Baba bai rage komai ba, har da ƙasar da yake barbaɗawa. Dakta ya cire tabarau ya yi dariya har da share hawaye. Auta yana tsaye, hannuwansa a dunƙule a baya.

"To, na janye maganar katifa," in ji Dakta. "Ba ƙarya ka yi ba. Amma kuma ba gwaji ka yi ba, lambu ka yi. Me zan ba maki a nan?"

"Ranka ya daɗe, ba laifina ba ne."

"Wata uku ba ka taɓa tura yatsa a ƙasa ba sai jiya. Laifin wa? Ka sake shuka. Sabon zango, sabon rahoto."

"Gurbin aikina ƙarshen wata ne."

"Tsamiya ba ta san wannan ba. Baba, kai kuma a kiyaye."

Shi ke nan hukuncin Baba. A kiyaye.

Yayansa da ya ji labari a waya bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, Auta," ya kashe. Gara ma da ya zage shi.

Bayan sati biyu abokan karatunsa suna ɗaukar hoto a bakin ƙofar kwaleji, shi yana rumfa da guduma. Ya cika sababbin ledoji sittin, ya kafa katako huɗu, ya kewaye layin ƙishirwa da ragar waya har sama, ya yi ƙofa, ya danna mata kwaɗo. Ya ja kwaɗon sau biyu ya tabbatar, ya jefa makullin a aljihu.

Baba yana zaune a kan bulo yana kallonsa tun farko. Ya taso, ya zagaya kejin a hankali, ya sa ɗan yatsa a ramin ragar ya gwada faɗinsa.

"Aiki ya yi kyau, ɗana," ya ce. "Sai dai ramukan nan sun yi wa bakin butata daidai."