Ɗanyen Reshe a Kan Hanyar Gida

Shekara uku ban taka ƙauyenmu ba, alhali daga Kafanchan tafiyar awa guda ce a acaba. Ni ne ma mai acabar. Na sha kai fasinja Godogodo, in na zo inda hanyarmu ta rabu da kwalta sai in ƙara wuta, in kafa ido a gaba.

Sunana Kumai. Na bar makaranta a aji huɗu na sakandare. Na yi kwandasta, na gaji. Na sayar da cajar waya a tasha, na gaji. Na koyi walda wata biyar, na gudu. Babana Silvanus shi ne mai bishara a ƙauyenmu, kuma ranar da na bar walda bai yi faɗa ba. Yana wasa addarsa a kan dutse, bai ko ɗaga kai ba, ya ce tun da aka haife ni bai taɓa ganin na kai wani abu ƙarshensa ba. Na ɗauki jakata. Bai kira ni ba, ni ma ban waiwaya ba. Kullum ina ce wa kaina sai na zama wani abu zan koma, kullum kuma ban zama ba.

Gudu kaɗai ne ban bari ba. Duk safiya kafin in fito da mashin sai na bi gefen layin dogo har numfashina ya ƙare, don in na zauna shiru, gida nake tunawa.

Scholastica, wata nas da muke sujada tare, ita ta shirya gudun. Kilomita talatin da biyar ta hanyoyin ƙafa, daga Kafanchan zuwa Godogodo. Masu hali sun yi alkawarin ba da taimako a kan duk wanda ya kai ƙarshe, za a sayi irin citta a raba wa gwauraye mata waɗanda cuta ta ruɓar musu da gonaki. Da ta nuna mana taswira na ga hanyar ta bi ta bayan ƙauyenmu. Shi ya sa na ba da sunana, ba don citta ba. Ta ce sun ɗaura jan ƙyalle a jikin itatuwa tun ranar Alhamis, shi za mu bi. Da take addu'a ta ce tafiyar mai bi ma haka take, ba a tambayar wa ya fi sauri, sai dai wa ya jimre. Na ce amin da baki kawai.

Mun tashi safiyar Asabar, mu kusan arba'in. An yi ruwan fari kwana biyu kafin nan, ƙasa tana ƙamshi. Muka ratsa gonaki, muka hau dutse da hannu da ƙafa, muka tsallake rafi. Wani Nelson daga Kaduna ya manne mini, da jakar ruwa a bayansa da agogo mai ƙirga kilomita. Ya dubi takalmin robana ya tambaya ko noma zan je. Na ce masa ya bari mu ga ko agogon zai ɗauke shi in ƙafa ta ƙi.

Bayan kilomita ashirin da huɗu ƙyallen ya ɓace. Muka iso wata mararraba mu biyar, babu ja ko ɗaya a jikin itace. Ni ɗan yankin ne, amma an share sababbin gonaki, hanyoyi sun sauya. Nelson ya ce mu bi dama, ta fi faɗi.

A nan na ga reshen. Ɗanye ne, an karya shi da hannu, an gicciye shi a bakin hanyar dama, an danne shi da dutse.

Ina yaro, duk Lahadi da sassafe babana yakan tafi wa'azi ƙananan majami'u a ƙafa, ina biye da shi. Ba ya jira. In na tsaya kamun fara sai in ɗaga kai in ga babu shi. Amma a kowace mararraba yakan karya reshe ya toshe hanyar da ba ita ba, ya ɗora dutse don kada iska ta ɗauke. Mutanenmu duk suna yin reshen, dutsen kuwa nasa ne shi kaɗai. Wata rana na iske shi ina kuka, na ce ban gan shi ba. Ya ce ba sai na gan shi ba, in dubi abin da ya bar mini a hanya. Ya ce haka Yesu ya yi mana, ya riga mu wucewa. A lokacin haushi kawai na ji.

Na ce wa su Nelson hagu za mu bi. Suka tambayi dalili, na ce su dai biyo ni.

Mararraba ta gaba ma akwai reshe da dutse, haka ta gaba da ita. Na daina jin ciwon gwiwa. Ina ta duba ganyen, in ga ko bai yi yaushi ba, ko mutumin yana kusa. Duk kwanar da muka sha sai in ɗaga kai, ina tsammanin zan hango bayansa da tsohuwar hularsa.

A bakin wani rafi muka tarar da Jibir, makiyayin da tun ina ƙarami yake kawo shanunsa gonarmu bayan girbi. Ya gane ni, ya ce ashe ɗan Malam bai mutu ba. Yana dariya ya ba mu labari. Jiya matan zumunta na majami'ar ƙauyenmu sun je itace, suka ga jan ƙyalle a ko'ina, suka ce wani ne ya zo ɗaure musu gonaki da tsafi. Suka bi suka kwance duka, suka ƙone a gaban majami'a da waƙa da addu'a. Sai da yamma Malam Silvanus ya ji daga wurin Fasto cewa na 'yan gudu ne. Shi ne ya fito tun kafin rana ta ɗaga, yana sa rassa a hanya.

"Baffa, ya san ina ciki?"

"Ni shanu nake kiwo, ɗan Malam. Ban iya leƙa cikin mutum ba."

Saura kilomita biyar muka iso mararrabar da na fi sani a duniya. Dama ta nufi Godogodo. Hagu, tafiyar minti biyar, gidanmu. Ina hango rufin majami'a da saman mangwaron ƙofar gida, da hayaƙi siriri yana tashi. Reshen yana kwance a kan hanyar hagu, da dutsensa.

Sauran suka wuce, ni na tsaya. Taku ɗaya ne in tsallake shi. Na yi tunanin babana yana can a gindin mangwaro. Na yi tunanin kuma wataƙila wannan reshen ba don 'yan gudu ya sa shi ba, don ni ne, yana gaya mini hanyar nan a rufe take. Ban san wanne ne gaskiya ba. Abin da na sani shi ne, tun ina yaro bai taɓa toshe mini hanyar da ya kamata in bi ba. Na durƙusa na taɓa dutsen, rana ta ɗumama shi. Na tashi na bi dama.

Kilomita biyar ɗin nan ba gudu na yi ba, jan ƙafa na yi. Nelson ya riga ni da nisa. Da na shiga filin makarantar da aka sa ƙarshe, Scholastica ta rubuta lambata, ta ce ni ne na sha ɗaya, ta miƙo mini ruwa.

Babana yana zaune a kan benci a gindin dalbejiya, wandonsa jiƙe da laka har gwiwa. Ya rame. Gemunsa ya yi fari, ban san shi da haka ba. Na je na durƙusa, na ce, "Baba, sannu da hanya."

Ya dube ni tun daga kai har takalmin roba.

"Ka iso," ya ce. "Kada ka zauna, ƙafar za ta riƙe. Tashi mu taka."

Muka koma ta hanyar da na fito, a hankali, shi da tsufa ni da gajiya. Bai tambaye ni aikin da nake yi ba. Ya ce akuyar nan mai karyayyen ƙaho ta mutu bara, kuma rufin ɗakina yana yoyo. Da muka iso mararrabar ya sunkuya, ya ɗauke dutsen, ya jefa reshen cikin ciyawa. Sai ya matsa gefe, ya ce in wuce gaba.